Me ya kashe dubban sojojin sama a wajen horo a Yaƙin Duniya na Biyu?

Tambaya: Malam, na ji a wani shiri cewa a Yaƙin Duniya na Biyu dubban matuƙa jiragen yaƙi sun mutu tun suna koyo, ba su taɓa yin ido biyu da abokin gaba ba. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, sakacinsu ne ko jiragen ne ba su da kyau? Kuma ana lissafa su cikin waɗanda yaƙi ya ci?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma adadin ya wuce yadda yawancin mutane ke zato. Rundunar jiragen sama masu jefa bama-bamai ta Birtaniya ta rasa mutum 55,573 a tsawon yaƙin, daga cikin kusan 125,000 da suka hau jiragenta. Fiye da 8,000 daga cikin mamatan nan ba harbo su aka yi ba, hatsari ne ya kashe su a wajen horo ko a wani tashi da ba na kai hari ba. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin kowane bakwai. A Amurka abin ya fi haka. Daga Disamban 1941 zuwa Agustan 1945, sashen sama na rundunar sojan ƙasar ya yi hatsari fiye da 52,000 a cikin gida, inda ba a gwabza yaƙin sama da kowa ba, mutum kusan 15,000 kuma suka rasu. In ka raba da kwanakin, za ka samu fiye da mutum 10 kowace rana ta Allah. A Kanada, inda aka yaye sojojin sama 131,553 a ƙarƙashin shirin horo na ƙasashen renon Ingila, mutum 856 ne suka mutu suna koyo.

Ka riƙe wannan adadi na Kanada, domin shi zai kai mu ga tambayarka ta biyu. Saurayin da ya gama makarantar Kanada lafiya lau, shi ne dai yake isa Ingila ya faɗi da jirgi bayan 'yan watanni. Hankalinsa bai ragu a cikin jirgin ruwan da ya kawo shi ba. Sararin da aka tura shi ne ya canza, da irin jirgin da aka ba shi, da lokacin da aka ɗibar masa. Shi ya sa nake ganin ɗora wa mafi yawansu laifin sakaci rashin adalci ne. Gaggawa ce ta ci su, gaggawar kuwa ta shugabannin yaƙi ce.

A Disamban 1939 aka sa hannu kan yarjejeniyar horon a birnin Ottawa. Yaro ɗan shekara 18 ko 19, wanda wataƙila ko mota bai taɓa tuƙawa ba, zai fara da ƙaramin jirgi irin Tiger Moth, mai fiffike sama da ƙasa, wanda aka lulluɓe da ƙyalle. Bayan awa goma ko makamancin haka tare da malami, sai a bar shi ya tashi shi kaɗai. Daga nan ya koma Harvard, ko masu inji biyu irin Anson da Oxford. Yammacin Kanada fili ne fetal, hanyoyi miƙaƙƙu, garuruwa da fitilunsu a kunne da dare. Ɗalibin da ya ɓata sai ya bi layin dogo, ya sauko ƙasa-ƙasa ya karanta sunan gari a jikin rumbun hatsi na tasha, ya gane inda yake.

Birtaniya ba haka take ba. An kashe fitilun ƙasar gaba ɗaya saboda jiragen Jamus. Gajimare yana sauka har ƙasa a mafi yawan watannin hunturu. Filayen jirgi sun yi yawa har da'irar da jiragen wani fili ke kewayawa kafin sauka takan kusa taɓa ta maƙwabcinsa, ga jirage na yawo a duhu, taho-mu-gama a sama ba baƙon abu ba ne. Ga duwatsun Wales da na arewacin Ingila da na Scotland a ɓoye cikin hazo. A 1940 da 1941 ma har jiragen Jamus kan lallaɓo da dare su shiga cikin ɗalibai masu shirin sauka su buɗe musu wuta.

Inda aka fi mutuwa shi ne matakin kusa da ƙarshe, makarantun da ake koyon aikin yaƙi da jirgin yaƙi na gaske. A nan ake tara matuƙa da masu lissafin hanya da masu saitin bam da masu rediyo da masu bindiga a cikin babbar rumfar jirage, a ce kowa ya nemi abokan tafiyarsa. Mutum biyar ko shida da ba su san juna ba jiya, yau ransu yana hannun junansu. Jirgin da za a ba su galibi Wellington ne ko Whitley wanda ya riga ya sha yaƙi, aka janye shi daga fagen fama saboda ya tsufa. Sababbin jirage da kayan gyara masu kyau suna wajen masu kai hari. Injin da ya gaji ne ake miƙa wa hannun da bai ƙware ba, kuma a wuni guda ɗalibai daban-daban su yi ta tashi da sauka da shi, kowa na buga tayoyinsa a ƙasa iya rashin iyawarsa. Malaman su ma mutane ne da suka gama zagayen hari 30 a kan Jamus, aka ce su zo su huta. Da yawansu ba a koya musu koyarwa sosai ba, kuma a gajiye suke.

Bari in nuna maka yadda mutuwar take zuwa, domin sai ka gan ta kusa za ka daina zargin yaran.

Ɗauki jirgi mai inji biyu da ya bar ƙasa yanzun nan, da dare, cike da mai. Injin dama ya mutu. Na hagu yana nan yana ja da ƙarfinsa duka, don haka hancin jirgin ya karkata dama, fiffiken dama ya soma yin ƙasa. Farfelar injin da ya mutu tana juyawa a banza, iska na turje mata, tana ƙara jan jirgin wannan gefen. Matuƙi yana da 'yan daƙiƙu kaɗan ya taka fedar hagu iya ƙarfinsa, ya gane wane injin ne ya mutu, ya juya ganyen farfelarsa su daina tare iska, ya naɗe tayoyi, ya sauke hanci don kada gudu ya ragu. Zuciyarsa kuwa ce masa take ya ja sama, ya guje wa itatuwan da ke gabansa. In ya bi zuciyar, gudu ya ragu, jelar jirgin ta kasa riƙe shi, ya kife ya daki ƙasa. In ya ruɗe ya kashe injin mai lafiya, an gama. Ƙwararre mai awa dubu yakan yi waɗannan abubuwa kafin ya yi tunaninsu. Mai awa ɗari biyu ko uku sai ya tuno su ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙasa ba ta jira.

Na biyu ya fi wannan ban tausayi, domin jirgin lafiyarsa ƙalau. Duk wanda ya san hazon hunturu mai kauri a Kano ko Maiduguri, ranar da sama da ƙasa suka zama launi ɗaya, ya san wani abu game da shi. A cikin gajimare ko duhu, ido ba ya ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, sai jiki ya koma dogaro da ruwan cikin kunne don sanin daidaito. Wannan ruwan ba ya jin karkata in ta zo a hankali. Jirgi zai kwanta gefe sannu-sannu, matuƙi yana rantsuwa a miƙe yake. Sai ya ga gejin tsawo yana raguwa, ya ja sanda don ya hau, jan nan kuwa matse kwanar yake yi, jirgin ya ƙara zurfi cikin juyi. Maganinsa ɗaya ne: ka ƙaryata jikinka, ka gaskata allurar da ke gabanka. Faɗinsa da sauƙi. An yi ta zaunar da ɗalibai cikin akwatin koyo na Link, wani ƙaramin ɗakin matuƙi da ake rufewa ruf a ƙasa, yana motsi bisa mafitsai, kuma ya ceci rayuka da yawa. Amma akwatin ba ya koya wa mutum tsoro, ba ya kuma tara ƙanƙara a fiffike. Ƙanƙarar nan tana canza siffar fiffiken har ya daina ɗaukar jirgi, tana toshe kafireto inji ya shaƙe, tana toshe bututun da ke auna gudu har gejin ma ya koma faɗin ƙarya.

Sai duwatsu. Mai lissafin hanya yana aiki ne da kamfas da agogo da taswira da hasashen iska da aka ba shi kafin tashi. In iskar ta canza bai sani ba, bayan awa biyu yana iya kauce wa hanya da mil 20 ko 30. Ya ce wa matuƙi sun kai saman teku ko fili, su sauko ƙarƙashin gajimare su duba. Ashe dutse ne a ƙasansu. Ranar 20 ga Nuwamba 1944, wani Wellington ya tashi daga sansanin Wellesbourne Mountford da ke Ingila don atisayen dare, ɗauke da 'yan Kanada shida. Inji ɗaya ya ba su matsala, suka shiga gajimare mai ƙanƙara, jirgin ya kasa riƙe tsawonsa, ya daki Carreg Goch a duwatsun kudancin Wales. Babu wanda ya fita. Tarkacensa na nan a wurin har yau.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ben More Assynt, can arewacin Scotland. Ranar 13 ga Afrilu 1941, wani Anson ya tashi daga Kinloss da mutum shida don koyon lissafin hanya, guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da su, suka faɗi a kan tsaunin. Ba duka ne suka mutu nan take ba, sanyi ne ya ƙarasa sauran. Sai bayan kusan mako shida wani makiyayi ya ci karo da su. Wurin ya yi nisa da hanya, don haka a nan aka binne su, kuma a 2013 aka ɗauko sabon dutsen kabari da jirgi mai saukar ungulu aka kafa musu. Irin wannan mutuwa ta mutanen da suka tsira daga faɗuwa amma aka rasa mai kai musu ɗauki ita ce ta sa wani likitan soja, George Graham, ya fara haɗa 'yan ceto a sansanin Llandwrog da ke arewacin Wales. Daga nan rundunar ceton tsaunuka ta sojojin saman Birtaniya ta samo asali a 1943.

Kan ko jiragen ba su da kyau, wasunsu kam suna da aibi tun daga zane. Halifax na farko-farko yana da allunan jela masu kusurwa uku, waɗanda in gudu ya yi ƙasa ko inji ya mutu sukan maƙale gefe guda, jirgin ya shiga juyi ba fita. An binne mutane da dama kafin a canza su da manya masu kusurwa huɗu a 1943. A Amurka, B-26 Marauder yana da gajeren fiffike, sai da gudu mai yawa yake sauka, kuma a 1942 ɗalibai sun yi ta faɗuwa da shi a sansanin MacDill da ke Tampa, har sojoji suka riƙa cewa kullum sai guda ya faɗa ruwan wurin. Da aka tsawaita fiffiken aka kuma gyara koyarwa, jirgin ya zama cikin waɗanda Amurka ta fi ƙarancin asara da su a Turai. Wani misalin ya fi waɗannan koyar da darasi. Matuƙan B-17 sun yi ta naɗe tayoyi bayan sun sauka, jirgi ya zube a kan cikinsa, ana rubuta kuskuren matuƙi. A 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya duba ya ga maɓallin tayoyi da na leɓen fiffike, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa wajen sauka, iri ɗaya ne sak, kuma kusa da juna. Gajiyayyen mutum ya kai hannu a duhu, wanda ya samu shi zai taɓa. Aka manna ƙaramar taya ta roba a kan ɗaya, aka sa wata siffa daban a kan ɗayan, matsalar ta kau. Har yau hannun tayoyi a jiragen fasinja siffar taya gare shi. Duk inda ka ga an rubuta kuskuren matuƙi a takardun wancan zamani, ka tuna da wannan, domin wanda aka ɗora wa laifin galibi ba ya raye balle ya kare kansa.

Ban ce babu ganganci ba. Akwai. Ka ba ɗan shekara 20 jirgi mai gudu, wani zai sauko ya yi shawagi a kan gidan iyayensa ko na budurwarsa, ya taɓa waya ko itace. An kori wasu, an gurfanar da wasu a kotun soja, wasu kuma sun tafi da abokan tafiyarsu da ba su ji ba ba su gani ba. Sai dai ba wannan ne ya cika maƙabartu ba.

Su shugabannin sun san abin da ke faruwa, ana kai musu alƙaluma a kai a kai. Halin da suke ciki gaba kura ne baya sayaki. Wanda za a tura Jamus da dare cikin hunturu dole ya koyi tashi da dare cikin hunturu. In aka tausaya masa a makaranta, sai ya je ya mutu a harinsa na farko, shi da mutum shida da babban jirgi mai inji huɗu. In aka tsawaita horo, rundunonin da ke rasa mutane kowane dare su zauna babu masu maye gurbi. Jamus ta nuna ƙarshen ɗaya hanyar: da mai ya yi mata ƙaranci ta yi ta datse awannin horo, zuwa 1944 tana tura yaran da ba su gama sanin jirginsu ba su kara da ƙwararru, da yawa kuma a wajen tashi da sauka suke ƙarewa. Na yarda da wannan uzuri, amma ba duka ba. Ba dole ba ne a tura ɗalibai cikin yanayin da ƙwararru ma ke tsoro don kawai a cika jadawalin wata. Ba dole ba ne a daɗe kafin a gyara jelar Halifax. Kuma a daren 30 ga Mayu 1942, don a cika jirgi 1,000 a harin da aka kai birnin Cologne na Jamus, an kwashi jiragen makarantu da malamansu har da wasu ɗalibai aka tura. Wanda ya yi wannan ya nuna yadda ake kallon makarantun: rumbu ne da ake ɗiba in buƙata ta taso.

Labarin ya taɓa mu ta wurare biyu. Daga Satumban 1940, ana sauke jirage a akwatuna a Takoradi ta Gana, a harhaɗa su, a tashe su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira N'Djamena, El Geneina da Khartoum har Alƙahira. Zuwa 1943 fiye da jirgi 5,000 suka bi wannan hanya, sau da yawa ƙananan jirage suna biye da babba guda mai lissafin hanya. Wannan aikin kai jirgi ne, ba makaranta ba, amma abin da ya kashe mutane a cikinsa iri ɗaya ne: hazo, hadarin damina, rairayi a inji, ɓatan hanya da ƙarewar mai. Na biyu shi ne Emmanuel Peter John Adeniyi Thomas, haifaffen Legas, ɗan Afirka ta Yamma na farko da ya zama hafsa matuƙi a rundunar saman Birtaniya, a 1942. A Janairun 1945 jirginsa ya faɗi a duwatsun da ke kusa da Brecon a kudancin Wales, yankin da 'yan Kanadan nan shida suka mutu ƙasa da wata biyu kafin nan. A birnin Bath aka binne shi.

Game da tambayarka ta ƙarshe, i, ana lissafa su. A jerin mamatan da hukumar sojan sama ke fitarwa lokacin yaƙin akan bambanta wanda ya mutu a fagen fama da wanda ya mutu a bakin aiki, kuma wannan bambanci ya yi wa iyalai da yawa ciwo. Uwa ta ba da ɗanta, an dawo mata da akwati a rufe, babu lambar yabo, babu labarin jarumta da za ta ba maƙwabta, wani lokaci ma ana raɗe-raɗin laifinsa ne. Amma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ba ta yi wannan bambanci ba. Duk sojan da ya rasu yana cikin aiki tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947 dutse iri ɗaya ake kafa masa, komai muƙaminsa, ko me ya kashe shi. A maƙabartar Stonefall da ke Harrogate akwai kusan kabari 1,000 na wannan yaƙi, kusan duka sojojin sama, wajen kashi biyu cikin uku 'yan Kanada, kuma da yawansu hatsari ne ajalinsu. Waɗanda suka faɗa teku ba a ga gawarsu ba, sunayensu na cikin fiye da 20,000 da aka sassaƙa a wurin tunawa na Runnymede da ke Ingila. Waɗanda suka ɓace a Kanada da Amurka kuma an rubuta su a wurin tunawa na Ottawa. Ni ma haka nake lissafa su, domin ba don yaƙin ba babu mai sa ɗan shekara 19 cikin tsohon Wellington da tsakar dare a watan Nuwamba.

In kana son ka bincika da kanka, rajistar wannan hukuma tana intanet kyauta, ana nema da suna ko da maƙabarta. Galibi ba ta faɗin abin da ya kashe mutum, don haka ka duba ranar mutuwa da wurin kabari. In ka ga sojojin sama biyar ko shida ko bakwai sun rasu rana ɗaya, an binne su jere a wata maƙabarta cikin Birtaniya, sai ka nemi rundunar da suke ciki a takardun sojan sama. Haruffan OTU ko HCU a gaban sunan runduna suna nufin makaranta ce, ta farko ta koyon aikin yaƙi, ta biyu ta masu komawa manyan jirage masu inji huɗu.